Ya yanke jiki ya faɗi: wace suma ce ta gida, wace ce ta asibiti?

Tsohon Duba-gari: Assalamu alaikum, 'yan zaure. Bazara ta kankama, kuma daga Maris zuwa Mayu zancen ɗaya ne a kasuwannin ƙauye da gonakin rani: wane ya yanke jiki ya faɗi, wance ta suma a layin awo. Abin da aka saba yi kuwa sananne ne. A kwara ruwa, a ɗago mutum a jingine shi da bango, a ɗura masa wani abu, in ya buɗe ido a yi hamdala kowa ya kama gabansa. Ma'aikatan lafiyar da ke nan, ku warware mana. Wace suma ce ake iya bari a gida, wace ce ba a kwana da ita?

Likita: Wa alaikumus salam, Baba. Suma dai jini ne ke gaza isa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Ƙwaƙwalwa ba ta da ajiya, in jini ya yanke mata na daƙiƙa 6 zuwa 10, ko awon jini na sama ya sauka zuwa wajen 60, sai hankali ya gushe, jiki ya saki. Da mutum ya kai ƙasa kansa ya daidaita da zuciyarsa, jini ya koma. Shi ya sa galibi ba ta wuce minti ɗaya ko biyu, kuma mutum da kansa yake farfaɗowa, ya gane mutane, ya san inda yake. Wanda ya shafe minti 5 ko 10 bai dawo ba, lamarinsa ya wuce wannan, a nemi mota.

Manoman rani na Kadawa da fadamar Haɗeja za su fi kowa gane sanadin. Gona a tudu, ruwa a ƙasa, inji ke turo shi, kuma ta hanya uku ruwa ke yankewa: ko rijiya ta ja baya, ko tiyo ya saki, ko injin ne ya samu matsala. A jiki, na farko shi ne jini ko ruwa ya ragu, ta gudawa, amai, gumi mai yawa, ko zubar jini. Na biyu jijiyoyin jini ne ke saki su buɗe, zuciya kuma ta rage gudu a daidai lokacin da ya kamata ta ƙara. Na uku zuciyar ce da kanta.

Na biyun shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku zai taɓa suma a rayuwarsa, akasari irin wannan ce, kuma ta fi kama matasa 'yan wajen shekara 15, musamman mata. Duk lokacin da mutum ya miƙe tsaye, rabin lita zuwa lita ɗaya na jininsa kan gangara ƙafafu da ciki, sai jijiyoyi su matse su maido shi. Doguwar tsayuwa a rana, cunkoso, yunwa, ganin jini ko allura, zafin ciwo, mummunan labari, duk suna iya rikita wannan aikin. Wannan ba ta kisa, sai dai inda mutum ya faɗi ya cutar da shi, kamar bakin murhu ko bakin rijiya. Ta zuciya ita ce ƙarama a lissafi, ita ce kuma mai ɗauke mutum.

Malamin Asibiti: In ƙara a kan na Likita, irin wannan suma tana sallama kafin ta shigo. Jiri, tashin zuciya, hamma a jere, zafi ya taso daga ciki sai kuma gumi mai sanyi, kunne ya toshe ko ya dinga ƙara, gani ya koma dishi-dishi sannan duhu. Na kusa zai ga leɓe da tafin hannu sun yi fari. Tsakanin wannan da faɗuwa akwai 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci har minti guda, kuma nan ne ake asara, don mutum sai ya ce bari ya daure ya kai inuwa. A nan inda kake za ka kwanta. In wurin bai ba da dama ba ka tsuguna, ko ka zauna ka sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi. In a sahu kake ko a layi, ka harɗe ƙafafu ka matse cinyoyi da ɗuwawu da ƙarfi, ko ka sarƙe yatsun hannu biyu ka ja kamar za ka raba su, ka riƙe har jirin ya wuce. Matsewar naman ce ke turo jini sama.

Wuri biyu da ba a cika kawowa ba. Tashi daga tsuguno, a masai ko gaban murhu ko bayan doguwar sujada, yana saukar da awon jini nan take, don haka dattijo ya dafa wani abu ya miƙe a hankali. Sai fitsarin dare ga maza: an taso daga barci jiki da ɗumi, an fita da sauri, mara ta saki, sai a tsinci mutum a ƙasa. Ya fara zama a bakin gado minti ɗaya kafin ya miƙe, in ya gama kuma kada ya zabura. Tari mai tsanani da yunƙurin bayan gida ma suna jawo ta.

Mai Kemis: Ni fa ina da ja a kan maganar ruwa. Kowa ya sani in aka yayyafa wa sumamme ruwa yana farfaɗowa, tun kaka da kakanni haka ake yi. In ba ya aiki da tuni an daina.

Nas ta Ɗakin Gaggawa: Ƙanena, kafin a je randa a dawo minti ɗaya ya cika, lokacin da dama zai farfaɗo ke nan, sai ruwa ya karɓi yabo. Shafa masa ruwa a fuska da wuya ba laifi. Kwarawa a hanci da baki, da ɗura ruwa ko madara ko manja ga wanda ba ya cikin hayyacinsa, shi ne ɓarna, domin ba ya iya haɗiya, huhu abin yake tafiya. Haka hayaƙin barkono ko tsumma da ake tura masa a hanci.

Ga yadda ake yi. A kwantar da shi rigingine a inuwa, ba filo. A ɗaga ƙafafunsa wajen santimita 30, a ɗora kan buhu ko 'yar kujera. A sassauta wuyan riga, tazuge, rawani ko ɗaurin zani. Jama'a su ja baya, mutum ɗaya ya yi fifita. Wani ya duba agogo, don a asibiti za a tambayi tsawon lokacin, kuma mai firgici minti ɗaya yakan zame masa goma. Sai a kalli ƙirji na daƙiƙa 10. In yana numfashi daidai amma bai farka ba bayan minti ɗaya, ko yana amai, a juya shi kan gefensa, a lanƙwasa gwiwar sama, baki ya kalli ƙasa. In ba ya numfashi, ko sai wani jan numfashi jefi-jefi mai kama da shaƙuwa, zuciya ce ta tsaya. A ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, a dinga dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota.

In ya farfaɗo ya ci gaba da kwanciya minti 10 zuwa 15, sannan ya zauna, sannan ya miƙe. Sai ya yi magana daidai za a ba shi abin sha, ya riƙe kofin da hannunsa.

Wuri ɗaya ne zan goyi bayanka a kwara ruwa har da ƙari: bugun rana. Jiki ya yi zafi rau, ma'auni ya haura 40, mutum yana sambatu ko bai san inda yake ba. Wannan a tuɓe masa kaya, a jiƙa shi sharkaf, a yi ta fifita har cikin mota.

Tsohon Duba-gari: To Malama, a ƙauyen da babu mota fa? Abin da ake yi shi ne a ɗora shi a babur, wani ya zauna a baya ya tallafe shi.

Nas ta Ɗakin Gaggawa: Baba, wannan ɗaukar ta fi komai ba ni tsoro. Faɗuwar ita ce ke maido jini kai, to an hana shi faɗuwa, an sanƙame shi a zaune na rabin awa a kan hanya mai gargada, kai yana lilo. Wanda ke zubar da jini a ciki ana iya rasa shi a haka. A nemi abin da zai kwanta a ciki, kujerar baya ta mota, a-kori-kura, adaidaita sahu, ko amalanke zuwa bakin titi. In babu makawa sai babur, a bari ya farfaɗo sosai a ƙasa tukuna.

Hajiya Ungozoma: Sannunku da ƙoƙari. A ɓangaren mata akwai gyara a maganar rigingine. Ciki in ya wuce wata biyar, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke maido jini zuciya, kwanciyar rigingine da kanta tana sumar da mace. Mai tsohon ciki a kan gefen hagu ake kwantar da ita.

Wanda na fi so kowa ya riƙe shi ne wannan. Duk macen da ke shekarun haihuwa ta suma tana ciwon mara, a ɗauka ciki ne a wajen mahaifa har sai gwaji ya ce a'a. Yakan fashe tun cikin yana wata biyu ko ƙasa da haka, lokacin da ita kanta ba ta tabbatar ba, balle ta faɗa wa uwar miji. Alamunsa ɓatan wata, ciwo a gefe ɗaya na mara, ɗan ɗigon jini baƙi-baƙi, wani lokaci ciwo a saman kafaɗa. Jinin a cikin ciki yake taruwa, ba a ganin komai a zani, sai dai ta yi fari fat, bugun hannu ya yi sauri ya sirance, duk ɗagowa ta sake tafiya luuu. Wannan tiyata ce, asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini za a nufa kai tsaye, a tafi da 'yan'uwan da za su iya ba da jini. Gwajin fitsari na minti 5 ne ke nuna hanya. A keɓe ta a tambaye ta, ba a gaban dangi ba.

Mai ciki da ta faɗi tana jijjiga, bayan ciwon kai, kumburin fuska da gani dishi-dishi, hawan jinin ciki ne ya kai maƙura, allurar magnesiyam take buƙata. Sai mai jego. In a ranar haihuwa ne, a duba zubar jini. In kuma daga watan ƙarshe na ciki ne zuwa wata biyar bayan haihuwa, tana haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, tari ya hana ta barci, to ciwon zuciyar masu jego ne, kuma ƙasar Hausa tana cikin inda ya fi yawa a duniya. Ita wannan ba a ɗaga mata ƙafa in tana haki, ba a ba ta kunun kanwa, ba a yi mata ƙarin ruwa barkatai. Wankan jego da ruwa mai tsananin zafi ma yana buɗe jijiyoyi, ga wadda dama jininta ya yi ƙasa sai ta faɗi a banɗaki. A surka ruwan, ta yi a zaune, kada ta sa sakata.

Malamar Makaranta: Likita, ranka ya daɗe, namu na makaranta iri biyu ne. Akwai yarinyar da ke faɗuwa a taron safe, ba ta karya ba, ta yi tafiyar ƙasa, an tsayar da su a rana. Wannan mun gane, ana zaunar da su in taro zai yi tsawo. Amma akwai wadda za ta faɗi ta yi rabin awa, kafin a an kara uku ko huɗu sun bi ta. Akwai kuma wadda ke fizge-fizge, iyaye su ce farfaɗiya ce su cire ta daga makaranta. Da me malami zai bambanta?

Likita: Malama, fizga kaɗai ba ta nuna farfaɗiya. Masu suma da yawa suna 'yar fizga, amma bayan sun kai ƙasa take farawa, ba ta da tsari, ba ta wuce daƙiƙa 15. Mai farfaɗiya yakan sandare tukuna, sannan jijjiga mai tsari ta minti ɗaya zuwa biyu, fuska ta yi duhu maimakon fari, kai ya karkata gefe, ya tauna gefen harshe. Babban abin dubawa shi ne bayan an tashi. Mai suma cikin minti ɗaya ya san sunansa, gajiya kawai yake ji. Mai farfaɗiya sai ya yi minti 10 zuwa 30 a ruɗe, ko ya yi barci da minshari, ya tashi da ciwon jiki. Sakin fitsari ba ya raba gardama, duka biyun suna yi. In da mai waya a kusa ya ɗauki bidiyo don likita kawai, ya fi dogon bayani. Kada a cusa cokali a baki, kada a danne shi. Yawunsa ba ya sa wa kowa cutar, kuma farfaɗiya tana jin magani, ba dalilin cire yarinya daga aji ba ce. Jijjigar da ta wuce minti 5 ta asibiti ce nan take.

Masu rabin awa kuwa, ki duba ido. A suma ta gaskiya ido yawanci a buɗe yake, ya kakkafe ko ya juye sama. Su waɗannan ido a rufe gam, in kin so buɗewa ya ƙi, launin fuska bai sauya ba, bugun hannu lafiya lau. Damuwa ce da firgici ke fita ta jiki, kuma tana yaɗuwa tsakanin waɗanda ke kallon juna. Ba ƙarya suke ba, duka da tsawa ƙara abin suke. A raba su ɗaki daban-daban, a kori 'yan kallo, a sa su numfashi a hankali, daga baya mace mai haƙuri ta zauna da kowacce ta ji abin da ke damunta a gida ko a makaranta. Duk da haka wadda ta fara faɗuwa a auna ta.

Na'ibin Liman: Allah ya saka da alheri. Mu dai ba za mu ce a bar addu'a ba, kuma ba ta hana awo. Ana iya yi wa mutum tofi yana kwance a gefensa, ana iya yi a cikin mota. Abin da ba shi da asali shi ne duka, shaƙe wuya, da ɗura rubutu ga wanda ba ya haɗiya. Wanda ya suma alwalarsa ta warware, sai ya sake. Wanda kuma jiri ya kama a tsayuwar asham ko tahajjud ya zauna ya ƙarasa, shari'a ta ba shi dama.

Likita: Allah gafarta Malam, haka ne. Yanzu ga amsar tambayar Baba, waɗanda ba a kwana da su. Wanda ya suma yana tsakiyar aikin ƙarfi, yana gudu a filin ƙwallo, yana huɗa, yana iyo. A lura, ana cikin yi, ba bayan an tsaya ana haki ba, don ta bayan tsayawa galibi mai sauƙi ce. Wanda ya suma a kwance, ko a zaune ba wani dalili. Wanda ya faɗi tim ba sallama har ya fasa fuska. Wanda ya ji zuciyarsa na bugawa fat-fat da sauri kafin ya tafi, ko ciwon ƙirji, ko haki. Wanda aka san yana da ciwon zuciya. Wanda a danginsa wani ya mutu fuju'a bai kai shekara 40 ba, har da wanda ya iya ruwa amma ya nutse ba dalili, ko aka wayi gari ba shi. Dattijon da ya haura 60 ko da ya ce garau yake. Sai mai baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini, mai ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba, da wanda ya tashi baki ya karkace, magana ta harɗe ko ɓari ɗaya ya saki.

Dalilin tsoron na aikin ƙarfi shi ne, in ƙofar zuciya ta tsuke ko naman zuciya ya yi kauri, tana iya wadatar da mutum a zaune, amma in jiki ya nemi ƙari ba ta da shi. A yaranmu ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba yana lalata ƙofofin zuciya bayan shekaru. A tsofaffi kuma wayar da ke kai saƙon bugu ce ke yankewa, bugun ya koma 30 zuwa 40 a minti, maganinsa 'yar na'ura da ake dasawa a ƙirji. Matsalar ita ce mai sumar zuciya ma yana tashi garau, ya karkaɗe riga ya ce ba komai. Tashi da wuri ba shaidar lafiya ba ce.

Malamin Asibiti: A asibitin sha-ka-tafi abin da ke hannunmu ya isa a tace mafi yawansu. Farko tambaya, kuma a zo da wanda abin ya faru a gabansa: me yake yi, a tsaye ko a zaune, me ya ji, wane launi ya yi, minti nawa, yaya ya tashi, ya taɓa yi, wane magani yake sha. A zo da ledar magungunan gaba ɗaya, har na gargajiya.

Sai awon kwance da tsaye, wanda aka fi tsallakewa. Ya kwanta minti 5, a auna jini da bugu. Ya miƙe, a sake aunawa a minti 1 da minti 3, wani na tsaye kusa da shi. In na sama ya sauka da 20, ko na ƙasa da 10, ko na sama ya gaza 90, an samu bakin zaren. In bugu ya ƙaru da 30 ko fiye, a nemi inda ruwa ko jini ke tafiya. Bugun hannu a ƙirga shi minti cikakke, don a ji ko yana tsallake. Ƙasa da 40, ko sama da 120 ga wanda ke kwance yana hutawa, takardar tura shi gaba za a rubuta. Sannan suga, ma'aunin zafi, gwajin maleriya, gwajin ciki, da yawan jini. A ja fatar ido ta ƙasa a duba. A nan ƙarancin jini ba ya rasa sanadi: maleriya, tsutsar ciki, tsargiya ga masu shiga ruwa, sikila, haihuwa kusa-kusa.

Inda nake da ja, Likita, littafi ya ce duk wanda ya suma a yi masa ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura. Yarinya 'yar 15 da ta faɗi a layin rigakafi, ta ji jiri, ta tashi garau, awonta lafiya, in ce wa ubanta ya bar gona ya biya kuɗin mota zuwa Dutse ko Kano? Gobe in na tura mai haɗari na gaske ba zai je ba.

Likita: Ban ƙi taka ba, Malam. Wadda ka kwatanta, da sanadi bayyananne, da sallama, da awo mai kyau, ba kowa a dangi da ya mutu fuju'a, ka sallame ta da bayani, ECG ya jira ranar da wata hidima ta kai su babban asibiti. Amma in ta maimaita, ko labarin ya ƙi zama daidai, ko akwai ɗaya daga abubuwan da na lissafa, ba rangwame. Gwajin minti 5 ne, ba allura, ana manna wayoyi 10 a ƙirji da hannu da ƙafa, kuma yana kama abin da kunne ba ya ji. In ya nuna wani abu, ko an ji ƙara a zuciya, sai hoton zuciya na eko. In ana zargin bugu ne ke rikicewa lokaci-lokaci, akwai na'urar Holter da ake rataya wa mutum awa 24 zuwa 48 ya koma harkarsa. Irin waɗannan sai wurin likitocin zuciya, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Inda kuɗi ke zubewa a banza shi ne hoton ƙwaƙwalwa. Dangi su sayar da akuya a yi sikanin kai ga wanda ya yi suma mai sauƙi, ba abin da zai nuna. Amfaninsa sai in an bugu a kai sosai, ko akwai alamar shanyewar ɓarin jiki, ko jijjiga ce sabuwa.

Mai Kemis: Na karɓi gyara a kan ruwa, Yaya. A ɓangarena kuwa, ledar magani da Malam ya ambata ita ce rabin amsar a wurin tsofaffi. Magungunan hawan jini irin su methyldopa da nifedipine, da masu sa fitsari irin su Moduretic da Lasix duk suna saukar da jini in an miƙe. Adadin da ya yi wa mutum daidai a hunturu yana iya yi masa yawa a Afrilu, ga gumi ga gudawa. Kada ya daina da kansa, ya koma a sake awo a daidaita. Maganin prostat, wato na wahalar fitsarin tsofaffi maza, irin tamsulosin shi ma yana iya saukar da jini in an miƙe. Maganin ƙarfin maza in ya haɗu da ƙwayar ciwon ƙirji ta ƙarƙashin harshe jini na iya faɗuwa warwas. Haɗin ciwon jiki da manoma ke saya, diclofenac da ibuprofen da piroxicam a ƙulli ɗaya, shi ke huda ciki ya kawo baƙin bayan gidan nan. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, amma ba ya danƙo da wari irin na jini. Tramadol kuwa jijjiga yake jawowa.

Nas ta Ɗakin Gaggawa: Tunda ka kawo kanka, ƙanena, a daina rataya ledar ƙarin ruwa a bayan shago don mutum ya suma. Wanda zai iya sha, ya sha. Lita ɗaya, wato fiya wata leda biyu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ORS na leda yadda aka rubuta a jiki. Ƙarin ruwa ta jijiya ga mai raunin zuciya huhu yake cikawa. Matashi mai yawan suma wanda awonsa lafiya ya sha lita 2 zuwa 3 a yini, kada ya ƙaurace wa gishiri. Wannan shawara ban da mai hawan jini, ciwon zuciya ko ƙoda.

Sai masu ciwon suga, musamman masu insulin ko glibenclamide. Tasu ba ta warwarewa da kwanciya, don suga ne ke faɗuwa: rawar jiki, gumi, yunwa, sambatu, sannan hankali ya gushe. Ƙasa da 70 a na'ura, ko 3.9 in irin ɗaya ma'aunin ne, a ba shi sukarin kwali ƙwaya 3 ko rabin kwalbar lemo in yana iya haɗiya, a sake awo bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ba ya iya haɗiya, a kwantar da shi a gefe, a shafa ɗan jiƙaƙƙen sukari a cikin kumatu, a tafi. Mai glibenclamide ko ya farfaɗo a kai shi, don ƙwayar tana daɗewa a jiki, sugan zai sake faɗuwa cikin dare. In da azumi a bakinsa, ƙasa da 70 karyawa ake yi ko saura minti 10 a sha ruwa.

Hajiya Ungozoma: Kada a manta da shiɗewar yara, daga wata 6 zuwa wajen shekara 6. Yaro ya tsala kuka, numfashi ya ɗauke, leɓe ya yi duhu, ya saki, cikin minti ɗaya ya dawo. A kwantar da shi a gefe, ba jijjigawa, ba hura masa baki. A auna jininsa, don sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe na tare da ita, in an gyara tana raguwa. In da zazzaɓi kuwa wani zance ne, a kai shi.

Tsohon Duba-gari: Ni ma in sa nawa na duba-gari. In mutum biyu ko uku suka faɗi a wuri ɗaya, a tuhumi wurin. Janareta a zaure ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki suna fitar da iskar da ba ta da wari, sai ciwon kai da amai ga kowa a ɗakin. A buɗe ƙofa, a fito da su sarari, a kai su asibiti ko sun farfaɗo. Mai yasar rijiya ko masai in ya yi shiru a ƙasa, kada wani ya bi shi haka nan, iskar ƙasan ce ta ƙare, na biyu da na uku haka za su faɗi. Ba a shiga sai da igiya a ƙugu da masu ja a sama, kuma ba a sauke injin fetur cikin rami. Mai feshi kuma in ya faɗi yana dalalar da yawu, ga gumi, ƙwayar ido ta tsuke, guba ce. A cire kayan, a wanke jikin da sabulu, a tafi da galan ɗin maganin a nuna.

Tambaya ta ƙarshe, Likita. Ɗan acaɓa ko direban da ya suma, yaushe zai koma kan hanya?

Likita: Ya danganta da irin ta, Baba. In a tsaye ta same shi, da sanadi sananne da sallama, an auna ba a ga komai ba, zai iya komawa, da sharaɗin in ya ji jiri ya gangara gefe ya kashe inji ya kwanta. In a zaune ta zo, ko a kan abin hawan, ko ba sallama, ya ajiye makulli har sai an yi ECG likita ya sallame shi. Kafin nan kuma ban da hawa bishiya ko saman gini, ban da shiga kogi, ɗiban ruwa a rijiya ma wani ya karɓe shi.